ƘUNGIYOYIN MAHARBA DA KUNDIN TARIHIN DAJI A ƘASAR DUTSE

Tsofaffin birnin Dutse ba su cika ambaton sunan garinsu haka kawai ba, sai sun haɗa da laƙabinsa, watau Dutse Gadawur. Tarihin baka ya nuna cewa wani maharbi Babarbare mai suna Duna Magu ne ya fara gano wurin, ya tarar da shi cike da namun daji a tsakanin duwatsu, kuma ana danganta laƙabin da yawan gadar da ya gani. Ba Dutse kaɗai ke da irin wannan labari ba. Mutanen Haɗejiya suna cewa sunan garinsu ya samo asali daga wani maharbi Haɗe da matarsa Jiya, mutanen Kazaure suna ambaton wani maharbi Kutumbi, littafin Tarihin Kano kuwa ya siffanta Barbushe da cewa ƙaƙƙarfan maharbi ne mai kashe giwaye. Ko da manazarci bai karɓi waɗannan hikayoyi a matsayin tarihi tsantsa ba, tilas ya yarda sun haɗu a kan abu guda, shi ne cewa maharbi ke fara shiga daji, daga baya manomi da sarki su biyo sawunsa.

Wanda ya fita Dutse a yau ya nufi Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu zai yi tafiya mai tsawo tsakanin gonaki bai ga gada ko ɗaya ba. Makasudin wannan lacca shi ne a duba yadda haka ta faru ta fuskar da ba a cika dubawa ba, watau ta fuskar ƙungiyoyin mafarauta da irin bayanan da suke adanawa. A wasu ƙasashe maharba ne suka fara yunƙurin ceton namun daji, kuma rubutaccen kundi shi ne babban makaminsu. A ƙasar Hausa akwai ƙungiyar, akwai dokokinta, akwai ma kundin, sai dai a cikin ƙirjin tsofaffi yake, kuma ba a tsara shi don ƙidayar dabba ba.

Maharban da suka tuba

A farkon ƙarni na 19 ɓaunar Amurka tana yawo a filayen ƙasar miliyoyi barkatai. Kafin 1889 ƙidaya ta nuna saura kimanin 1,000 kacal, saboda masu harbi don sayar da fata sun bi hanyar jirgin ƙasa sun gama da su. Cikin wannan hali ne, a watan Disamba na 1887, Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar, ya tara wasu abokansa masu sha'awar farauta a birnin New York suka kafa ƙungiyar Boone da Crockett. An raɗa mata sunan wasu shahararrun maharba biyu na farkon tarihin Amurka, kamar dai a ce an kafa ƙungiya a Dutse an sa mata sunan Duna Magu. Attajirai ne da masu faɗa a ji, kuma sun ƙayyade yawan cikakkun 'yan ƙungiyar kada ya wuce 100.

Abu biyu suka sa a gaba. Na farko ladabin farauta: kada a harbi dabbar da ba ta da hanyar tsira, kamar wadda aka tsare cikin ruwa ko aka kama a tarko. Na biyu matsa wa hukuma lamba, har aka yi dokar 1894 wadda ta tsare namun gandun dajin Yellowstone. Daga baya suka ƙara na uku, wanda shi ne ya fi shafar wannan bayani. A 1932 suka buga littafinsu na farko na bayanan manyan namun dajin Amurka ta Arewa, a 1950 kuma suka daidaita hanyar awo. Duk wanda ya kawo ƙaho don a shigar da shi, sai an auna tsawo da kauri, an rubuta gundumar da aka harbi dabbar da shekarar. Babu shakka alfahari ne ya kawo yawancin masu kawo ƙahon. Amma bayan shekaru masu yawa alfaharin nan ya zama ma'auni, domin girman ƙaho yana nuna shekarun dabba da ƙoshin makiyayarta, saboda haka mai bincike yana iya buɗe littafin ya ga inda daji ke farfaɗowa da inda yake lalacewa. A 1937 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ware harajin bindigogi da harsasan farauta don kula da namun daji. Barewar nan mai farar wutsiya, wadda aka ƙiyasta ta ragu zuwa wajen 500,000 a 1900, ta komo ta kai wajen miliyan 30.

A Ingila ma haka aka yi. A 1903 Edward North Buxton da wasu manyan maharba suka kafa ƙungiyar kiyaye namun dajin daular Ingila, har masu zolaya suka riƙa kiransu mahautan da suka tuba. Tun 1892 kamfanin Rowland Ward na Landan yake buga littafin awon ƙahoni da haure. A nan Nijeriya kuwa, wani jami'in mulki, A. F. B. Bridges, ya kafa Nigerian Field Society a 1930, mujallarta ta fara fita a 1931, cike da bayanan tsuntsaye da dabbobin da jami'ai suka gani a wuraren rangadinsu. Sai dai ya kamata a faɗi aibin waɗannan ƙungiyoyi kamar yadda aka faɗi alherinsu. Galiban sun ɗauki maharbin ƙasa a matsayin mai ɓarna, alhali Bature mai bindigar zamani da lasin a aljihu shi ne ɗan wasa mai ladabi. Wannan ra'ayi ya shiga cikin dokokin da aka kawo ƙasar nan, kuma ya yi illa mai tsawo.

Sarkin Baka da jama'arsa

Farauta a ƙasar Hausa sana'a ce mai sarauta, kamar ƙira da fawa da wanzanci. Shugabanta shi ne Sarkin Baka, a wasu wurare Sarkin Dawa, kuma sarki ko hakimi ke naɗa shi. Wajibi ne a rarrabe tsakanin mutum biyu da ake yawan cuɗanya su. Akwai maharbi, wanda ya gaji sana'ar, mai fita shi kaɗai ko da yaronsa, da baka da kwari da kibau masu dafin kwankwani, ko kuma da adaka bayan zuwan bindiga. Shi ne mai ɗaura burtu a goshi ya sunkuya yana tafiya kamar tsuntsu har ya kusanci barewa, shi ne mai hawa bishiya ya yi bago a bakin mashaya. Akwai kuma mafarauci na gayya, wanda manomi ne da damina, sai bayan kaka ya ɗauki kere da gora da barandami, ya kira karnukansa, ya bi kiɗan gangi tare da samarin ƙauyuka da yawa.

Ƙungiyar tana da ƙa'idodi, ko da yake ba a rubuce suke ba. Farautar gayya ta rani ce, ba a yinta sai an kawar da amfanin gona, kuma shugabanni ke sa rana da dajin da za a shiga. Ke nan dabba tana samun hutun damina, lokacin da ciyawa ta yi tsawo ta ɓoye 'ya'yanta. A yammacin ƙasar Hausa, musamman wajen Maraɗi da Gobir da Arewa, har biki ake yi na buɗin daji kafin a halatta shiga. Manyan dabbobi kamar giwa da ɓauna da zaki da gwanki ba kowa ke tunkararsu ba, domin an yi imani suna da wani abin cutarwa da ke bin wanda ya kashe su ba tare da shiri ba, kuma wannan tsoro ya taƙaita yawan masu harbinsu fiye da yadda ɗan doka zai iya. Fatar zaki da ta damisa da hauren giwa na sarki ne. Akwai kuma kurmi da tsauni da tafkin da ake gudu saboda iskoki, waɗanda suka zama mafaka ga dabba.

Musulunci ya ƙara wa wannan tsari ƙarfi. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda kowane ɗalibin zaure ya sani, yana da babi a kan yanka da farauta, inda aka bayyana cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce, don buƙata kuwa halal. Tsarin hurumi, watau keɓe fili a hana kowa mallakarsa, yana da asali tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Halifa Umar.

Duk da haka kada a ƙawata abin fiye da kima. Waɗannan ƙa'idodi an yi su ne don hana rikici da tsare martabar sana'a, kiyaye dabba ya zo ne a kaikaice. Farautar gayya ba ta zaɓe, abin da ya tashi daga zomo har fakara duka ake yi masa. Ƙunar daji tsohuwar ɗabi'a ce, kuma sau da yawa akan ƙone saura guda saboda gafiya ɗaya. Ƙwacen nama tsakanin 'yan tauri ya sha jawo zub da jini. Tsarin ya yi aiki ne muddin daji yana da faɗi, mutane kaɗan, makami kuma ba ya cin nesa.

Kundin da ke cikin ƙirji

To ina kundin wannan ƙungiya yake? Yana cikin kirari da take. Idan makaɗi ya ɗauki gangi ko komo ya kaɗa taken wani maharbi, shi kuma ya zabura ya yi kirari, abin da yake yi shi ne karanta tarihin aikinsa a gaban shaidu. Zai ambaci ubangidansa da wanda ya koya wa ubangidan, ya ambaci dazuzzukan da ya kwana, ya lissafa manyan dabbobin da ya kayar. Ba ya iya ƙarya yadda ya ga dama, domin abokan tafiyarsa suna tsaye, kuma wanda ya yi iƙirarin abin da bai yi ba zai sha kunya nan take. Ta wannan fuska kirari ya yi kama da littafin Boone da Crockett: dukansu alfahari ne da aka sa wa shaida.

Bambancin yana wuri uku. Kirari ba ya ɗauke da shekara. Ba ya ɗauke da adadi, domin jarumi yake ƙirgawa, dabba kuwa hujja ce kawai ta jarumtar. Sa'an nan yana mutuwa tare da mai shi, sai ɗan abin da makaɗi ko ɗa ya riƙe. Akwai wani abu kuma da manazarcin adabi zai lura da shi: kirari yana gadon kalmomi. Saurayin da bai taɓa ganin ɓauna ba yana iya ambatonta a kirarinsa domin haka ya ji daga kakansa. Saboda haka wanda ya ɗauki kirarin yau a matsayin hoton dajin yau zai ruɗu, zai zaci Gwaram da Buji cike suke da giwaye. Sai an zauna da mai kirarin an tambaye shi wanne ya gani da idonsa, wanne ya gada.

Sunayen wurare su ma shafi ne na kundin. Gadawur ɗaya ne, Dutsen Mesa na Birnin Kudu wani ne, haka Rijiyar Zaki a Kano. A nan ma ana bukatar hattara, domin Zaki da Giwa laƙaban sarakuna ne, ba kowane wuri mai sunansu ne aka raɗa don dabba ba. Abin sha'awa game da Birnin Kudu shi ne zane-zanen da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe, waɗanda Bernard Fagg ya yi bayaninsu a shekarun 1950, galibinsu na shanu ne marasa tozo. Mafi tsufan rubutun dabba a wannan yanki ke nan, kuma na makiyayi ne. Harshe kansa ma'aji ne: kanki da mariya da mazo da kwantarafi da tuje da dabgi suna nan cikin ƙamusun Bargery na 1934, amma ɗalibin sakandare a Dutse da wuya ya siffanta ko biyu daga cikinsu.

Yadda dajin ya ƙare

Ba maharbi kaɗai ya cinye dajin ba, watakila ma shi ne ƙaramin mai laifi. Annobar shanu ta wajen 1890 ta kashe ɓauna da dangin gwanki tare da garken Fulani. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, a 1930 kuma hanyar ta ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori ta kai Nguru, aka yi ta sassabe. Farin 1973 da na 1984 sun busar da mashaya. Yawan jama'ar Jigawa ya tashi daga kimanin miliyan 2.8 a ƙidayar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, zuwa fiye da miliyan 4.3 a 2006, a ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 23,000 da 'yan kai ba. Dabbar da ba ta da kurmin kwana, ko ba a harbe ta ba, ba za ta zauna ba.

Dokoki kuwa an yi su. Turawa sun yi dokar kiyaye namun daji a 1916, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963, wadda ta kasa dabbobi gida-gida, wasu an haramta kashe su sam, wasu sai da lasin. An keɓe Yankari a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962. Gwamnatin soja ta ƙara dokar 1985 a kan fataucin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Abin da duk dokokin nan suka yi tarayya a kai shi ne sun ɗauke ikon daji daga hannun Sarkin Baka sun miƙa wa ma'aikacin gandun daji. Wanda ya san dajin ya rasa iko, wanda aka ba iko yana ofis, sau da yawa ba shi da abin hawa. Maharbi ya koyi ɓoye abin da ya kashe, wanda ke ɓoyewa kuwa ba ya ba da rahoto. Ta haka aka yi asarar ƙidayar shekaru masu yawa. Abin da ya rage a rubuce yana cikin rahotannin jami'an mulki, kuma da yake Dutse gunduma ce ta ƙasar Kano a lokacin, sai a neme shi cikin fayilolin Lardin Kano a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Inda aka yi ƙidaya

Wuri ɗaya ne a Jigawa aka samu kundi irin na zamani, shi ne fadamar Haɗejiya da Nguru, arewa maso gabas da Dutse, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are ke malala. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamar, da haɗin gwiwar Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya da wasu ƙungiyoyin duniya, ciki har da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila. Sha'awar Turawa tana da dalili: agwagin da ke ƙyanƙyasa a Turai da Rasha suna ƙetare Sahara su yi hunturu a nan tare da dinya da kirinjijiya. Kowace Janairu akan ƙirga tsuntsayen ruwa. An samu fiye da 200,000 a 1996, fiye da 300,000 a 1997. An kuma riƙa auna faɗin ambaliya kowace shekara, aka nuna yadda ta ragu ƙwarai bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, da yadda ciyawar kacala ta toshe magudanai.

Amfanin waɗannan alƙaluma ya bayyana a fili. Da su aka yi gardama da hukumomin madatsun ruwa a kan sakin ruwa ga manoman shinkafa da masunta da makiyaya. Da su aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, aka sa Baturiya ta ƙasar Kiri Kasamma a 2008, kana a 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da Baturiya gandun daji na ƙasa. Gadar Dutse ba ta samu mai ƙirga ta ba, shi ya sa ba wanda ya shiga ofis ya yi magana dominta. Makwabta a Jamhuriyar Nijar sun nuna abin da ƙidaya ke yi: raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996, aka riƙa ɗaukar hoton kowane ɗaya ana rubutawa, mutanen ƙauyukan suka zama 'yan jagora, har suka haura 600.

Ƙungiyoyin yau

Ƙungiyoyin mafarauta ba su mutu ba, sun sake aiki ne. Tun da maharban Adamawa suka taimaka wajen ƙwato Mubi da Maiha daga hannun Boko Haram a 2014, hukumomi suka fara kallon maharbi a matsayin mai tsaro. Yanzu ƙungiyoyin suna da sakatare da rajista da katin shaida, abin da kakanninsu ba su da shi. Sai dai rajistar ta mutane ce da bindigogi, ba a buɗe wa dabba shafi ba. Kuma da yake dajin gida ya ƙare, mafarauta kan cika motoci su tafi ƙasashe masu nisa, inda ba a san su ba. Kisan mafarauta 16 'yan ƙasar Kano a garin Uromi na Jihar Edo a watan Maris na 2025 ya nuna haɗarin wannan tafiya.

Aikin da ke gaban ɗalibai da ma'aikata iri biyu ne, kuma ɗaya ya fi gaggawa. Mai sauƙin shi ne a ba kowane sakataren ƙungiya littafi ya riƙa rubuta ranar fita, da dajin da aka shiga, da yawan mutane da karnuka, da abin da aka gani, da abin da aka kama. Sharaɗinsa shi ne ma'aikatar muhalli ta yi alkawari ba za ta mai da littafin hujjar kama mutum ba, in ba haka ba ƙarya za a rubuta.

Mai gaggawar shi ne na tsofaffi. Maharbin da ya fara bin ubansa daji kafin 1960 yanzu ya ba saba'in baya. Sassan Hausa da na nazarin halittu a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa suna iya tura ɗalibai biyu-biyu, ɗaya ya naɗi kirarin, ɗaya ya riƙe hotunan dabbobi, a tambayi tsoho yaushe ya ga kowace ɗaya gani na ƙarshe, kuma a wane daji. Ba zai faɗi shekara da lamba ba, amma zai ce kafin zuwan Sarauniya ne ko bayansa, watau 1956, ko shekarar da motoci suka koma hannun dama, 1972, ko ta fitowar naira, 1973, ko ta canjin kuɗin Buhari, 1984. Idan aka tambayi mutum goma a Kiyawa, goma a Jahun, goma a Gwaram, aka jera amsoshinsu a kan taswira, za a ga shekarar da kura ta daina kuka a kowane gari, da kurmin da gada ta fake a ƙarshe.